Murjani mai taushi a zafin Gombe: wa ya taɓa gwadawa?

Nura Tumfure: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tankin gilashi mai cin lita 120. Da kifin ado na ruwan daɗi ne a ciki, yanzu na bar wa ƙanina su. So nake in mai da shi na ruwan gishiri in sa murjani mai rai, irin mai taushin nan da ke rausaya in ruwa ya kaɗa shi. Wani mai sayarwa a Legas ya turo min bidiyon kayansa, ga shi nan na sa muku, ya ce in na biya yau, jibi suna Gombe. Na ce kafin in tura kuɗi bari in ji ta bakinku. Akwai wanda ya taɓa riƙe su a nan ko a Bauchi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Tsaya Nura, murjani dai irin wanda kakanninmu ke ɗaurawa a wuya? Shi ma kiwonsa ake yi?

Malam Sabo: Hajiya, danginsa ne. Jan murjanin da ake tsakiya da shi ƙashin wata halittar ruwa ce da aka daɗe ana cirowa daga Bahar Rum. Wanda Nura yake nufi ɗan'uwansa ne, sai dai shi ba ya gina ƙashi mai tauri, wasu 'yan tsinkaye ne masu kamar alli warwatse a cikin namansa suke tallafe shi. Kuma dabba ce, ba tsiro ba, ko da yake ido zai rantse fure ne. In kin duba da kyau za ki ga ɗaruruwan 'yan bakuna a jikinsa, kowanne da hannaye takwas kewaye da shi. A cikin naman kuma akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke karɓar haske ta haɗa abinci ta ba shi. Shi ya sa fitilar tankin ba ado ba ce, tukunyar abincinsa ce.

Maman Ilham: Ikon Allah.

Hamma Bello: Nura, riƙe kuɗinka tukuna. Ni ina da tanki a nan Fadaman Mada, lita 200, kuma ina gaya maka a duk harkar nan murjanin ne abu mafi sauƙi. Rigimar tana wajen zafi da wuta da ruwa. Tambaya ɗaya zan yi maka: ɗakin da tankin yake, nawa ma'aunin zafi ke nunawa da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu?

Nura Tumfure: Ban taɓa aunawa ba Hamma. Amma falo ne, da silin, da fanka.

Hamma Bello: To nan gizo ke saƙar. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 26. Zai jure 27 ko 28 in ba hawa da sauka ake yi masa ba. Amma ruwa ya zauna a 30 zuwa sama na kwanaki, sai ya tofar da gansakukan da Malam Sabo ya faɗa, ya yi fari fat, daga nan yunwa ta ƙarasa shi. Maris da Afrilun Gombe kuwa ka fi ni sani, waje na taɓa 40. Ruwan da aka ajiye a falo mai rufin kwano zai haura 30 ba ka yi masa komai ba, ga fitila da famfo suna ƙara nasu zafin. Ruwan Wikki da muke zuwa Yankari muna shiga muna jin daɗi, digiri 31 ne. A wurinmu wanka, a wurinsa ajali.

Malam Sabo: Ko a teku haka abin yake. Babban tudun murjanin Ostireliya ya yi wannan farin a 2016 da 2017, ya sake yi a 2024, kuma ba wai ruwan ya tafasa ba ne. Ƙarin digiri ɗaya ko biyu a kan abin da suka saba gani a tsakiyar zafi, in ya ɗauki makonni, ya isa.

Injiniya Auwal: Hamma Bello kana tsorata yaron nan da yawa. Ni sola nake haɗawa, bari mu yi lissafi a fili. Tankin lita 120: famfon da ke juya ruwa da ƙaramin mai kaɗa igiyar ruwa, a haɗe ka ce wat 25, kuma dare da rana suke aiki, wat-awa 600 ke nan a yini. Fitilar LED wat 50, awa tara, 450. Ƙara 'yar fanka. Duka bai fi kilowat-awa ɗaya da ɗan wani abu a yini ba, kuma fitilar da rana take ci, lokacin da faranti ke ba da wuta. Batir mai amfiya 200 guda ɗaya mai lafiya zai riƙe famfunan har gari ya waye. Maganar zafi kuwa, ka cire murfin tankin ka saita fanka tana hura saman ruwan. Dabarar randa ce, ruwan da ke ƙafewa shi ke tafiya da zafi. Lita ɗaya da ta ƙafe tana ɗauke zafin da ya isa ya sauke lita 100 da wajen digiri biyar. Kuma iskar Maris a nan busasshiya ce ƙarau, fanka ta fi yi mana aiki a kan mutumin Legas.

Hamma Bello: Lissafinka daidai ne Injiniya, a kan takarda. Amma ɗakin ba ya daina zuba wa tankin zafi don ka kunna fanka, abin da take cirewa yana dawowa ta gilashi. A zahiri digiri biyu zuwa uku take saukewa, in iska ta bushe sosai wataƙila huɗu. In ruwanka yana 33, ka sauke uku, ina ka tsaya? Kuma ka manta ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa ba a yi ruwa ba, ga zafi ga gumi. Wannan lokacin fankar hura iska kawai take yi.

Injiniya Auwal: Na yarda da maganar Mayu. Amma kai me kake yi? Kada ka ce min na'urar sanyaya ruwa, don ko ƙaramar tana jan wat 150 zuwa 200 in ta tashi, kuma zafin da ta cire a cikin ɗakin take zubar da shi.

Hamma Bello: AC nake kunnawa daga azahar zuwa bayan la'asar a watannin zafi, fanka ta riƙe sauran lokacin. Kuma tankin yana ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma. Wannan zaɓen ɗakin ya fi min duk na'urar da na saya amfani.

Ɗan Jekadafari: Kai jama'a, duk wannan dogon turanci. A sayo ƙanƙarar ɗari biyu a jefa mana, magana ta ƙare.

Hamma Bello: Ƙanƙarar kasuwa da wane ruwa aka yi ta? In ta narke ta surka gishirin, ta shigo da abin da ba ka sani ba. In ta kama dole, gorar roba ake cikawa a daskarar a firij, a rufe ta gam a sa ta yi iyo a saman. Wannan ma na ranar tsautsayi ne. Ruwan da ke 31 da rana, 26 da magariba, 30 da safe, ya fi wanda ya tsaya a 28 kashe su.

Alhaji Bappah: Ni dai tun ɗazu ina karantawa ina jinjina kai. AC saboda wani abu mai kama da naman kaza? A wannan marrar da mutane ke lissafin mudun masara? Nura ɗana, in kuɗi ne suka yi maka yawa ga marayu nan a unguwa. In kiwon ruwa kake so ka haƙa kududdufi ka zuba tarwaɗa, ka ci ka sayar. Wannan almubazzaranci ne, kada a sa masa wani suna.

Nura Tumfure: Allah ya ƙara girma Bappa. Ba yawa suka yi ba wallahi, sha'awa ce kawai tun ina yaro.

Ɗan Jekadafari: Alhaji ranka ya daɗe, dokin da ake ciyarwa wata goma sha biyu don hawan sallah na kwana biyu fa? Da masu tattabarun da ake saye da kuɗin akuya? Ban ji an ce musu almubazzarai ba.

Alhaji Bappah: Doki gadonmu ne, kuma yana cin abin da ƙasarmu ke fitarwa. Ka taɓa jin an sayo wa doki harawa daga Jamus? Wannan abin komai nasa sai an yi oda, har gishirin.

Malam Sabo: Alhaji yana da gaskiya ta wani ɓangare, amma ni ba ta wajen kuɗin nake kallo ba. Mutum da halaliyarsa, in ya sauke haƙƙin iyali da na zakka, abin sha'awarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da ya fi damuna shi ne rai ne. Duk mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya sa aka ɗauko halitta daga Indonesiya ko gaɓar Kenya ya kulle ta a gilashi, ya ɗauki nauyin ba ta irin ruwan da za ta rayu a ciki. In ya san ba zai iya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Alhaji Bappah: To wannan magana ce. Amma ina nan a kan bakata.

Maman Ilham: Wai me ya sa sai daga can nesa? Mu ma ai muna da teku a Legas da Fatakwal.

Malam Sabo: Gaɓarmu ba ta da tudun murjani irin na can, Hajiya. Kogin Kwara da sauran koguna suna zuba ruwan daɗi da laka mai yawa, ruwan ba ya garau, haske ba ya ratsawa yadda suke so. Wanda alhazanmu suka fi kusa da gani shi ne na Bahar Maliya, a bakin Jidda.

Nura Tumfure: Hamma Bello, a bar maganar zafi, zan auna. Ruwa dai ba ni da matsala, burtsatse gare mu a gida, garau yake, shi muke sha.

Hamma Bello: Garau a ido daban. Ruwan burtsatse yana ɗauke da abubuwan da suka narke daga ƙasa, naitiret, fosfet, ƙarfe, wani lokaci har jan ƙarfe in akwai kan famfo na tagulla a layin. Kai ba za su yi maka komai ba. A tanki kuwa kullum ruwa na ƙafewa kana ƙarawa, su ba sa ƙafewa, taruwa suke yi. Wata biyu sai ka ga gansakuka kore da ruwan ƙasa ta rufe duwatsu. Jan ƙarfe kuma ko kaɗan ne guba ne ga murjani. Na famfon gwamnati ga kulorin. Abin da ake amfani da shi ruwan da ya bi ta matatar RO ne, wato na'urar da ke matsa ruwa ta wata siririyar fata mai tare sinadarai, sannan ta wata gorar da ke tsotse ragowar sinadarai, har ɗan ma'aunin nan na TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifili ko kusa da shi. Ma'aunin ba shi da tsada, shi za ka fara saye.

Ɗan Jekadafari: Fiya wata fa? Jaka biyar an wuce wurin.

Hamma Bello: Wasu masu fiya wata da RO suke tacewa, wasu ba haka ba, kuma ledar ba za ta gaya maka gaskiya ba. Tsoma ma'auni ka gani. Ruwan batir da ake sayarwa a bakin gareji ma kada ka yarda da shi ido rufe, ba ka san a wane mazubi aka yi shi ba. Na bututun AC kuwa a kan ƙarfe ya taru da ƙurar ɗaki, a ba shuka.

Nura Tumfure: Gishirin fa? Na ga ana cewa giram 35 a lita.

Hamma Bello: Kusan haka, tankinka zai ci kilo huɗu da ɗoriya a cikon farko. Amma ba gishirin miya ba, ba kantu ba. Gishirin tankin teku ne na musamman, a bokiti yake zuwa, an haɗa shi da kalsiyam da maganiziyam da sauran abin da ruwan teku ke ɗauke da shi. Ana auna ruwan da wani ɗan ma'auni da ake leƙawa kamar madubin hangen nesa, kana neman 1.025 zuwa 1.026. Ga inda sababbi ke faɗuwa: in ruwa ya ragu, da ruwan RO zalla ake cikawa, ba da mai gishiri ba, don gishirin yana nan bai je ko'ina ba. In lita uku ta ƙafe daga lita 100, gishiri ya tashi daga 35 zuwa 36, da sauƙi. In lita biyu ta ƙafe daga ɗan tankin lita 20, ya kusa 39. Shi ya sa ƙananan tankunan nan da ake tallatawa wai na masu farawa su ne suka fi wuya. Da hunturu, ga fankar Injiniya, kullum sai ka cika. Ni layi na ja a jikin gilashin da alƙalamin maka, duk safiya kafin in fita sai ruwa ya koma kan layin.

Injiniya Auwal: Hunturu ma sai ka nemi hita fa, Nura. Daren Janairu ɗaki na yin sanyin da ruwa zai sauka ƙasa da 22. Ita kuma tana jan wat 100, ka sa ta a lissafin batir.

Sista Hauwa: Ku yi haƙuri in katse ku. Nura, bidiyon da ka sa na kalla. Waɗannan masu kama da maɓallan riga, kore da lemo, da suka lulluɓe dutse, su ne Zoanthus da Palythoa ko? Yara nawa ne a gidanka?

Nura Tumfure: Su ne Anti. Uku, ƙaramin yana rarrafe.

Sista Hauwa: To ka cire su daga lissafi. Wasu daga cikinsu, musamman Palythoa, suna da wata guba da ake kira falitoksin, tana cikin mafiya ƙarfin gubar da aka sani, kuma ba ta da makari, sai dai a tallafi numfashi da ƙoda har jiki ya fitar. Ba za ka iya gane mai ita da marar ita da ido ba. Tana shiga ta ciwo a hannu, ta ido in ruwan jikinsu ya fantsamo, har ta numfashi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto a 2015 kan mutanen Alaska da suka kwanta bayan an yi aikin irin wannan murjani a cikin gida da shago: zazzaɓi, tari, ƙuncin ƙirji, ɗacin ƙarfe a baki. Mafi muni shi ne a zuba wa dutsen tafasasshen ruwa ko a kankare shi a cikin ɗaki, tururin ya kama kowa. Ka yi tunanin ka zo asibiti da dare da wannan, kowa zai fara da gwajin maleriya.

Hamma Bello: Anti ta gama magana. Ni ma ba na ajiye su. Kuma ko wane iri ne, safar hannu ta roba da tabarau in za a taɓa dutse, a wanke hannu bayan an gama.

Nura Tumfure: Na cire su. To wanne zan fara da shi in lokaci ya yi? Akwai wani ja jawur mai kamar bishiya a bidiyon, shi ya fi tafiya da ni.

Hamma Bello: Wannan Dendronephthya ne, kuma shi ne na farkon da za ka guje wa. Ba shi da gansakukar nan a jikinsa, haske ba ya ciyar da shi, sai 'yan ƙwayoyin abincin da ke yawo a ruwan teku ba dare ba rana. Ƙwararru ma a hannunsu yake ramewa ya mutu. Xenia, mai buɗe hannu yana rufewa kamar yana tafi, yana da daɗin kallo, amma ba ya son tafiya, kuma zafi kaɗan sai ya narke. Ka fara da masu kamar naman kaza, Discosoma, ba sa son haske mai ƙarfi, suna yafiya. Sai Capnella, da Sinularia, da Sarcophyton. Akwai kuma koren nan mai shimfiɗa kamar ciyawa, shi ka ba shi dutsensa shi kaɗai a tsakiyar yashi, in ba haka ba sai ya haye kowa.

Sarcophyton ɗin bari in gaya maka halinsa tun yanzu don kada ka jefar da mai rai. Wata rana za ka tashi ka ga duk 'yan bakunan sun shige ciki, kan ya yi sumul yana sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, ya ɗan sunkuya. Kwana uku, biyar, har mako yana haka. Sai wata fata siririya ta fara ɗagowa daga gefe, ruwa na kaɗa ta tana yagewa. Saɓa yake yi, yana zubar da dattin da ya zauna masa. Ka ƙara masa kaɗawar ruwa, ka tsame fatar da 'yar raga, washegari sai ka ga ya buɗe ya fi da girma. Wanda ya mutu da gaske ba ya ɓuya, nama ke zagwanyewa in ka taɓa, warin kuma har ƙofar gida. Irinsu suna sakin wani sinadari a ruwa don hana maƙwabta girma, shi ya sa ake ajiye ɗan ƙunshin gawayin tace ruwa a inda ruwa ke wucewa, ana canza shi lokaci lokaci.

Maman Ilham: Ni tambayata ta mata ce. Falo ne fa. Turaren wuta? Maganin sauro?

Hamma Bello: Hajiya kin taɓo babba. Maganin sauro na fesawa da fiya-fiya ba sa shiga ɗakin da tanki yake, ko an rufe shi, don saman ruwan na shaƙar abin da ke cikin iska. Gidan sauro da raga a taga. Turaren wuta in sama sama ne kuma taga a buɗe, da sauƙi, amma ba a ajiye kasko a gindin tanki ba. Hannun da aka shafa wa basilin ko humra ba ya shiga ruwan. Ƙurar hunturu kuma ita ce ta sa nake rufe nawa da raga mai laushi maimakon gilashi, ta tare wani abu, iska kuma ta wuce.

Maman Ilham: To Nura sai ka fara shawo kan uwargida kafin mutumin Legas.

Nura Tumfure: Wannan ya fi lissafin Injiniya wuya, Hajiya. Hamma, ke nan jibi babu zance?

Hamma Bello: Ko ɗakinka Jos ne babu zancen jibi. Sabon tanki sai an haɗa ruwa da yashi da dutse an bar shi yana juyawa mako huɗu zuwa shida, har bakteriyar da ke mai da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashi da ruɓaɓɓen abinci, naitirait, ta mai da naitirait naitiret, ta zauna a jikin duwatsu. Kana gwadawa har biyun farko su koma sifili. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni da zan ba ka shawara, ka haɗa komai yanzu, fitila da famfo da fanka, ka bar shi ba rai a ciki ya ratsa Maris da Afrilu da Mayu, kana rubuta zafin ruwan da asuba da la'asar. In bai haura 28 ba, kuma famfo bai taɓa tsayawa dare guda ba, sai ka yi oda da damina ta zauna. Kuma ta jirgi, ka je filin jirgin Lawanti ka karɓa da kanka a cikin kula. Motar Legas ta fi yini a hanya, a cikin but, leda ɗaya ba za ta iso da rai ba. Ka kuma tambaye shi waɗanda aka yanko daga tankin wani aka raina, sun fi na teku jure rayuwar gilashi.

Alhaji Bappah: Wata uku ana kunna wa ruwan banza fitila. Allah ya shirya.

Injiniya Auwal: Amin Alhaji. Nura, famfon nan shi ne ran tankin, awa kaɗan ruwa ya tsaya cik a wannan zafin iskar da ke cikinsa ta ƙare. Kada ka haɗa shi layi ɗaya da firij da dutsen guga, ranar da inbata ta yi ƙara ta mutu kana kasuwa shi ke nan. Ka ware masa layinsa, ka kuma ajiye ɗan famfon iska mai batir a kusa, ka nuna wa mutanen gida yadda ake kunna shi. Inbatarka kilowat nawa ce, batir nawa ke kanta? Ɗauko min hoton takardar da ke jikinta.

Nura Tumfure: Ina shago yanzu, in na koma bayan isha'i zan turo. Hamma, bokitin gishirin in za ka yi oda ka sa da ni, mu raba kuɗin mota.

Hamma Bello: Sai ƙarshen wata. Wanda ke so ya yi magana kafin Juma'a, kuma a Bauchi za a sauke, kowa ya san yadda zai yi da nasa.